Ja ko kore: wane fetur ya dace da tsohuwar mota a Saudiyya?

Ja za a zuba ko kore? Duk mai tsohuwar mota a Makka, Jidda ko Madina ya san wannan tambaya, domin ita ma'aikacin gidan mai ke jefo masa tun kafin ya kashe injin: "Ahmar walla akhdar?" Ja shi ne fetur mai lamba 95, kore kuma mai lamba 91. Mai sabuwar mota ba ya dogon tunani, an rubuta masa amsar a murfin tanki. Wanda ke riƙe da Caprice ta shekarun 1980, ko Cressida, ko GMC da muke kira Jims, ko tsohuwar Marsandi da ya gada a wajen mahaifinsa, shi ne ke cikin ruɗu, don kowa da abin da yake gaya masa.

Maganar ta sake tashi tun watan Fabrairun 2024, lokacin da Ma'aikatar Makamashi ta sanar cewa an kammala maye gurbin fetur da dizal na kasuwannin ƙasar da mai tsafta mai ma'aunin Turai da ake kira Euro 5. Daga nan duk motar da ta yi tari sai a ce sabon mai ne. A majalisarmu ta bayan Isha'i a unguwar Rusaifa ta Makka akwai dattijo mai Caprice, ranar nan ɗan ƙanwarsa ya tare shi.

"Kawu, littafin motar nan fa bai ce dole sai ja ba."

"Ɗana, bar maganar littafi. Fetur mai nauyi ta saba sha tun kafin a haife ka. Na yanzu duk ruwa ne, gara in ba ta mai tsadar."

Amsar Kawu ta tattaro abin da akasarin mutanenmu suka ɗauka: ja ya fi kore nauyi da ƙarfi, fetur ɗin da ya fi na yau, kuma tsada ita ce inganci. Akwai gaskiya a cikin taka-tsantsan ɗinsa, amma ba a wurin da yake zato take ba.

Me 91 da 95 suke nufi?

A cikin silinda, fistin yana matse cakuɗen iska da fetur, fulogi ya ba da wuta, wutar ta bazu cikin tsari ta tura fistin ƙasa. Idan matsi da zafi suka yi yawa, ragowar cakuɗen da wutar ba ta kai gare shi ba sai ya fashe da kansa. Wannan fashewar ce direba ke ji kamar ana girgiza tsakuwa a gwangwani lokacin da ya taka totur a kan hawa. Makanikan sana'iyya, wato unguwar gareji, suna ce mata sarƙa'a. Kada a haɗa ta da abin da ake cewa nokin a garejin Kano ko Kaduna, inda ake nufin injin ya buga ya ƙi juyawa, ko da yake sarƙa'ar da aka ƙyale ta daɗe tana iya cinye saman fistin, ta fasa zobensa, ta kai mota can ɗin.

Lambar oktan, wato 91 ko 95 ɗin, ma'aunin haƙuri ce: gwargwadon matsin da fetur zai jure kafin ya fashe da kansa. An gina ma'aunin a kan ruwa biyu, ɗaya mai juriya sosai da aka ba lamba 100, ɗaya marar juriya da aka ba sifili. Fetur mai lamba 91 yana jure matsi kamar cakuɗen kashi 91 na farkon da kashi 9 na biyun. Iyakar abin da lambar ke faɗa ke nan. Ba ta maganar tsafta, ba ta maganar nauyi, kuma ƙarfin da ke cikin litar ja da litar kore kusan ɗaya ne. Launin ma rini ne da ake sawa don a bambance su. Kafin Janairun 2007, lokacin da Aramco, kamfanin man ƙasar, ta fito da 91, fetur iri ɗaya ake sha a ƙasar nan, kuma babu wanda ake yi wa tambayar.

Abin da ke yanke hukunci shi ne yawan matsin da aka ƙera injin da shi. Manyan motocin Amurka na shekarun 1960, waɗanda aka yi domin gudu, sukan matse cakuɗen sau goma ko fiye, su kam suna buƙatar lamba mai yawa. Amma daga motocin 1971 kamfanin General Motors ya sauko da matsin injinansa zuwa wajen takwas da rabi, da niyyar su iya shan fetur mai lamba 91 a ma'auni irin namu, marar dalma ko mai dalma kaɗan. Caprice da Jims na ƙarshen shekarun 1970 da na 1980, waɗanda suka cika titunan Hijaz a zamaninsu, 'ya'yan wannan shawarar ne. A takarda, kore shi ne abincinsu.

To ina gaskiyar Kawu take? Motar zamani tana da na'urar da ke jin sarƙa'a tun kafin kunnen mutum ya ji, ta sanar da kwamfutar injin, kwamfutar ta jinkirta lokacin ba da wuta. Yawancin motocin kabureta ba su da wannan. Abin da makaniki ya saita, a nan za su tsaya ko ana ruwa ko ana rana. Ga shi kuma injin da ya yi shekara talatin ko arba'in ya tara dauɗar hayaƙi a saman fistin, wadda ke rage fili ta ƙara matsi, ta kuma riƙe zafi. Ka haɗa wannan da iskar watan Yuli, da na'urar sanyaya mota a kunne, da iyali cike da kujeru, da hawan Hada zuwa Ɗa'if, sai injin da aka rubuta wa 91 ya fara kuka. A irin wannan hali ja yana da amfani na gaske, don ya fi jure abin da tsufa da zafi suka ƙara. Sai dai kafin a ɗora laifi a kan fetur, a duba taimin, wato saitin lokacin ba da wuta, a duba lagireto, a duba ko kaburetar ba ta rage wa injin mai ba. Na ga motoci da yawa da suka daina sarƙa'a a kan kore bayan an wanke lagireto an gyara taimin kawai.

Haɗa ja da kore a tanki ɗaya ba ya cutarwa. Rabi da rabi yana ba da lamba wajen 93.

Lambar Amurka daban ce

Wannan ya shafi masu shigo da mota daga waje, tunda doka ta keɓe motocin da suka haura shekara 30 a matsayin na tarihi. Mutum ya ga an rubuta 87 a jikin mota, ko ya ji masu irin motarsa a Amurka suna cewa 91 suke sha, sai ya ɗauka lambar nan ce. Amurka da Kanada suna rubuta matsakaicin gwaji biyu a jikin famfo, mu kuma gwaji ɗaya muke rubutawa, irin na Turai. Saboda haka 87 ɗinsu yana daidai da 91 ko 92 namu, 91 ɗinsu ya faɗo wajen 95, 93 ɗinsu kuma wajen 98, irin wanda ake sayarwa a Dubai da sunan Super 98. Motar da aka ce mata 91 a can, in ka ba ta kore a nan ka rage mata.

Dalmar da aka cire

Idan dattijo ya ce fetur ɗin da ya fi nauyi, sau da yawa dalma yake nufi ko da bai sani ba. A 1921 wani injiniyan General Motors, Thomas Midgley, ya gano cewa ɗigon wani sinadarin dalma a fetur yana kashe sarƙa'a, a 1923 aka fara sayar da shi. Hanya ce mai arha ta ɗaga lambar oktan. Daga baya aka lura tana wani aiki na biyu: tana barin siririn shafi a mazaunin bawul ɗin da hayaƙi ke fita, wurin da ƙarfe ke dukan ƙarfe sau dubbai a minti cikin tsananin zafi. Shafin yana hana su manne wa juna suna yagar juna.

Amurka ta fara janyewa a 1975, da motocinta suka zo da tukunyar tace hayaƙi a jikin salansa, wadda a nan ake kira dabbatul bi'a, domin dalma tana kashe ta. A 1996 ta haramta fetur mai dalma a motocin kan titi. Saudiyya ta koma marar dalma a farkon 2001. Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe, a 2021.

A nan ba zan iya zama ɗan ba-ruwana ba. Ina jin zafi idan na ji mutum yana kewar fetur mai dalma saboda bawul ɗin motarsa. Mu Hausawa ba mu buƙatar a yi mana bayanin abin da dalma ke yi wa yaro. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, daga ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Hanyar shigarta daban, amma ƙarfen ɗaya ne. Wadda ke fita ta salansa ba ta kashewa nan take, tana zama a ƙurar titi da tsakar gida, yaro ya shaƙa, ya kai hannu baki, ta taɓa masa ƙwaƙwalwa har ƙarshen rayuwarsa. Mu da muka taso a lungunan Misfala da Jarwal a Makka da Karantina a Jidda, a bakin manyan tituna, mun shaƙi rabonmu. Babu bawul ɗin da ya kai a mayar da 'ya'yanmu can.

Kuma matsalar bawul ɗin ba ta kai yadda ake kururuta ta ba. Injin da ke cikin haɗari shi ne mai kan injin na zubin ƙarfe wanda aka yanka mazaunin bawul a jikinsa kai tsaye ba a ƙarfafa shi ba, galibi na kafin farkon shekarun 1970. Duk injin mai kan alminiyam dole da ma an dasa masa mazauni na wani ƙarfe mai tauri, don alminiyam ba ya jure dukan. Japan ta koma fetur marar dalma tun tsakiyar shekarun 1970, shi ya sa Cressida da 'yan uwanta ba su cika damuwa ba. Ko injin da ke cikin haɗarin ma, ba yawon cikin gari ke cin sa ba, doguwar tafiya ce da gudu da kaya, kamar mutum ya ɗauki hanyar Hijira daga Makka zuwa Madina, kilomita fiye da 400, ƙafarsa a kan totur. Alamarsa ita ce ratar bawul tana ta tsukewa duk lokacin da aka auna, injin yana rasa matsi yana rawa a tsaye.

Motar da take yawo a ƙasar nan tun 2001 ta riga ta sha fetur marar dalma fiye da shekara ashirin. In da za ta lalace ta wannan hanya, da ta nuna. Wanda ya kamata ya kula shi ne mai motar shekarun 1950 ko 1960 da aka fito da ita daga ajiya. Shi yana da zaɓi biyu: ya riƙa zuba sinadarin da aka yi domin maye gurbin dalma, ya tsaya a kan iri ɗaya ba ya gauraya su, ko kuma ranar da aka buɗe kan injin don wani gyara ya sa a dasa masa mazauni mai tauri, a wuce wurin. Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne ja ba shi da dalma ko ɗigo. Zuba 95 ba ya kare bawul da komai. Haka nan masu neman man ƙananan jiragen sama saboda har yau yana da dalma, da masu jefa ƙwayar kafur a tanki, suna ɗora wa kansu da maƙwabtansu abin da ba a buƙata.

Euro 5 da batun ethanol

Babban abin da Euro 5 ya canza shi ne farar wuta, wadda aka sauko da ita zuwa abin da bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba. Farar wuta ba ta yi wa injin fetur wani amfani. Idan ta ƙone tana haifar da ruwa mai cin ƙarfe wanda ke lalata salansa ya gurɓata baƙin mai. Maganar cewa rage ta yana busar da mai ya hana shi santsi, daga ɓangaren dizal ta fito, inda famfon injin ke dogara da santsin man kansa, kuma can ma matatu suna ƙara sinadarin da ke cike giɓin. An ɗauko zancen dizal an jingina wa fetur. Tsohuwar motar fetur ba ta yi asarar komai ba da aka rage farar wuta.

Ɗaya tsoron kuma daga YouTube ya shigo. Masu tsofaffin motoci a Amurka da Ingila suna kuka da ethanol, wani nau'in barasa da ake gauraya wa fetur, kuma suna da hujja. Fetur ɗin Amurka kusan duk yana da kashi 10 cikin ɗari na ethanol, Ingila ma ta koma haka a Satumbar 2021. Ethanol yana jawo danshi daga iska, idan ruwan ya yi yawa sai su rabu da fetur su kwanta a ƙasan tanki, yana kuma cin tsohuwar roba da wasu ƙarafan kabureta. Mutanenmu na gida sun ɗanɗana ɗan uwan wannan a Fabrairun 2022, da aka shigo Najeriya da fetur mai methanol fiye da kima, motoci suka lalace, layi ya dawo gidajen mai.

Saudiyya wata hanya ta bi. Sinadarin da aka san fetur ɗin nan da shi wajen ɗaga lambar oktan shi ne MTBE, wanda masana'antun kamfanin SABIC ke yi a Jubail. Shi ma yana da nasa aibin: idan tankin ƙasa ya yi yoyo yana saurin gurɓata ruwan rijiya, dalilin da ya sa jihar Kalifoniya ta hana shi daga 2004. Amma ba ya shan ruwa kamar ethanol. Ta wannan fuska mai tsohuwar mota a Jidda ya fi takwaransa na Landan sa'a, kuma ba ya buƙatar kashe kuɗi a kan magungunan ethanol da ake talla.

Daga matata zuwa tankinka

Yawan ji nake ana cewa man gidan mai kaza ya fi na gidan mai kaza kauri. A ƙasar nan tushen ɗaya ne. Aramco ce ke ba da mai ga kasuwar cikin gida, daga matatu irin su Ras Tanura, wadda ta fi kowace daɗewa, da Riyad, da Yanbu, da Rabigh, da Jubail, da Jazan. Tsohuwar matatar Jidda an rufe ta a 2017. Daga matata mai yana bin bututu ko jirgin ruwa zuwa manyan daffo, kamar wanda ke arewacin Jidda, daga nan tankoki su kwasa su kai gidajen mai. Tankar manyan kamfanonin gidajen mai irin su SASCO da Aldrees da ta ɗan ƙaramin gidan mai na ƙauye suna iya bin layi ɗaya a daffo ɗaya.

Bambancin yana farawa ne bayan an fita ƙofar daffo. Tankar da ta ɗauki dizal ba a tsiyaye ta sosai ba. Direban da ya sauke kore a ramin ja bisa kuskure. Mai gidan man da ya haɗa su da gangan don ya ci ratar farashi. Sai kuma babban cikinsu, tankin da ke binne a ƙasa: ya tsufa, ya yi tsatsa, murfinsa ba ya rufuwa, laka da ruwa sun kwanta a gindinsa. Duk wanda ya ga ambaliyar Jidda ta 2009, da ta 2011, da ruwan Nuwamban 2022, ya san inda ruwan titi ke zuwa idan ya sami murfi a kwance.

Ni kaina na gamu da wannan. Muna dawowa ta hanyar gaɓar teku daga kudu kwana biyu bayan an yi ruwa, na sha mai a wani ƙaramin gida a bakin hanya. Ba mu yi kilomita ashirin ba Cressida ta fara shaƙewa, ta mutu, da yara a ciki. Makanikin da ya zo ya tsiyayo mai daga kabureta a kwalbar gilashi, ya ajiye a kan bonet, ya ce, "Alhaji, jira ka gani." Cikin minti biyu abin ya rabu gida biyu, fetur a sama, ruwa mai launin tsatsa a ƙasa. Kuma ja na saya ranar. Tun daga lokacin nake ajiye kwalba a but, kuma na gane cewa gidan da ka sha ya fi launin da ka zaɓa tasiri.

Tsohuwar mota ta fi sabuwa jin wannan, domin ƙofofin mai na kabureta ƙanana ne ƙwarai, ƙwayar tsatsa ɗaya ta isa ta toshe su, matacin mai na wasu motocin kuma bai wuce babban yatsa ba. Shi ya sa nake shan mai a gidan da ke da ciniki, inda tanka ke zuwa akai-akai kuma mai ba ya kwana. Idan na tarar tanka tana saukewa sai in wuce, saboda zubowar tana tayar da abin da ya kwanta a gindin rami. Ina duba takardar Taƙyis a jikin famfo, shirin SASO, hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasar, na tantance ma'auni, ko da yake shi yawan lita yake tabbatarwa, ba tsaftar mai ba. Kuma ina karɓar rasit. Ma'aikatar Kasuwanci tana karɓar ƙorafi ta lamba 1900 da manhajar Balagh Tijari, tana ɗaukar samfuri a gwada, ta sha rufe gidajen da aka kama da gauraya tare da bayyana sunayensu. Mutanenmu da yawa ba sa son shiga harkar hukuma, sai su haƙura su biya kuɗin gyara. Amma ramin da ya kashe motarka yau shi zai kashe ta wani gobe, wataƙila a wurin da babu inuwa.

Zafi, da motar da ke kwana a rufe

Fetur ba ruwa ɗaya ba ne, tarin sinadarai ne, masu sauƙin cikinsu suna fara tafasa tun daga digiri talatin da 'yan kai. A lokacin aikin Hajjin 2024 an auna digiri 51.8 a Makka, a ƙarƙashin bonet kuwa abin ya wuce haka nesa. Motar zamani famfonta yana cikin tanki, yana turo mai da matsi mai yawa, mai ba ya samun damar tafasa. Tsohuwa famfonta yana manne da injin, tsotso yake yi daga nesa. Idan mai ya zama tururi a cikin bututu, famfon ba ya iya tsotsarsa. Shi ne motar da ke mutuwa a cunkoson Ramadan a bakin ramin dutse, ko ta ƙi tashi bayan ka fito daga shago, sai ta huce rabin sa'a ta tashi kamar ba ita ba. Mai ita ya rantse mugun mai ne, ya koma ja, abin bai canza ba, domin lambar oktan ba ta da hannu a ciki. Maganinsa a nisanta bututun mai daga jikin salansa, a naɗe shi da abin kare zafi, a sa faifan da ke raba kabureta da zafin injin, in ta kama a ƙara famfon lantarki kusa da tanki wanda ke yankewa idan injin ya mutu.

Motar da ake ji da ita, wadda ake rufewa da tamfol sai ranar Juma'a ko bikin nunin motoci irin na Buraida, ciwonta daban. Fetur yana tsufa. Tanki da kaburetar da suna numfashi da iskar waje, masu sauƙin sinadaran suna gudu, ragowar ya haɗu da iska ya zama danƙo mai warin tsohon fenti. A zafinmu 'yan watanni sun isa. Danƙon ya toshe kabureta, wani lokaci ya riƙe bawul har sandarsa ta lanƙwashe a tashin farko. A Jidda da Yanbu kuma danshin teku yana shiga tankin da ba a cika ba, ya zama raɓa da dare, tsatsa ta fara daga ciki. Idan ajiyar ta wata biyu ko uku ce, a cika tanki, a zuba sinadarin hana mai tsufa, a bar injin ya yi aiki har ya kai kabureta. Idan ta shekara ce, a tsiyaye. Tayar da mota minti biyar a tsaye ba ya wadatarwa, tafiya take so har ta yi zafi sosai.

Tiyon roba kuwa ba na jiran ya tsage. Robar da ta shekara ashirin a wannan zafi ta bushe ko da wane mai ta sha, kuma ɗigon fetur a kan salansa mai zafi gobara ce. Canza su duka bai kai kuɗin cika tanki biyu ba.

Lissafin aljihu

Har zuwa ƙarshen 2015 litar kore halala 45 ce, ja halala 60 (halala 100 ce riyal ɗaya). Aka ɗaga su zuwa 75 da 90. A Janairun 2018 suka koma riyal 1.37 da riyal 2.04, ratar halala 67, kuma a lokacin ne jama'a suka yi ƙaura zuwa kore, muhawarar ta yi zafi. Tun Yulin 2021 gwamnati ta ɗaure farashin a riyal 2.18 da riyal 2.33. Ratar ta dawo halala 15, wato riyal 12 a tankin lita 80.

Ga mai motar ado da ke cika tanki sau ɗaya a wata, riyal 12 ba abin tsayawa ba ne. Idan motarsa ta shekarun 1960 ce mai matsi goma, ko Marsandi ƙirar Turai da aka rubuta wa babban fetur, ja ne mafi ƙarancin abin da zai ba ta, wani lokaci ma sai makaniki ya ɗan ja taimin baya kafin ta yi shiru. Amma yawancin Hausawan da ke tuƙa tsohuwar mota a nan ba don ado suke yi ba. Datsun ce ko Hilux da ke ɗaukar kayan miya daga halagar Ka'akiyya, kasuwar kayan lambu ta Makka, tun asuba, ita ce kuɗin haya, ita ce kuɗin makaranta. Wanda ke ƙona lita 150 a mako, ratar tana cin masa riyal 22 da rabi, a shekara ta haura riyal 1,100. Wannan kuɗin ya isa sababbin tiyo, da matacin mai, da wankin lagireto, da fulogi, abubuwan da za su hana motar tsayawa a hanya. Idan littafinta ya ce 91 kuma ba ta sarƙa'a, ba ni da dalilin da zan ce masa ya sayi ja.

Gwajin ba shi da wuya. A bari tanki ya kusa ƙarewa, a zuba kore rabi, a jira injin ya yi zafi, a kashe rediyo, a sauke gilashi, a hau tudu da babbar giya a taka totur a hankali. Idan tsakuwa ta yi ƙara, a ɗaga ƙafa nan take, a cike ragowar tankin da ja, a kai wa makaniki ya duba taimin da sanyaya. Idan an gyara ta ci gaba, motar ta ja ce, aƙalla daga Mayu zuwa Oktoba.

Kawu ya yarda an gwada tasa a watan Janairu, ɗan ƙanwarsa yana tuƙi shi yana gefe ya kasa kunne. Sun hau Hada a kan kore ba ta yi ƙara ba. Ya ce zai sake gwadawa idan zafi ya shigo kafin ya yanke shawara, kuma a makon ya sa aka canza tiyon da ke tsakanin famfo da kabureta, wanda aka tarar ya tsattsage ta ƙasa.